Yayen Badaru

A tashar motar Birnin Kudu babu wanda bai san Alhaji Badaru ba, babu kuma wanda ya taɓa ganin bakinsa ba komai a ciki. In ba goro ba, rake. In ba rake ba, taba. In duk sun ƙare sai ya kamo wuyan rigarsa ya cusa a baki yana tsotsa, ƙato da shi, gemu har ya fara furfura. Ko rigar da yake zuwa Juma'a da ita, wuyanta a tamushe yake, ya yi baƙi. Direbobi suka raɗa masa Ɗan Yaye. Tun yana zagi yana ɗauko ƙarfen taya, har ya gaji ya bari.

Asalinsa mutumin Kwandiko ne, ta ƙasar Gwaram. Ubansa Dabo ya rasu tun Badaru bai gama wayo ba. Uwarsa Turai tana nan da ranta. Shi ne ɗanta na fari, kuma nan ne tushen maganar.

Dangin Turai Fulanin gida ne. Sun daɗe da barin Fillanci, shanun ma 'yan kaɗan suka rage, amma kunyar ɗan fari ba su bar ta ba. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci yana kallo. In ya yi kuka wata ce za ta ɗauke shi, ta kai mata bayan ɗaki ta ba shi nono a ɓoye. Wasu matan sukan sassauta in ɗan ya girma. Turai ba ta cikin masu sassautawa. A Kwandiko da ita ake yi wa amare misali.

Da lokacin yaye ya yi, ta shafa maɗaci a nononta, ta goya yaron, ta bi masu tafiya cin kasuwa har Wurno, wajen uwarta Hadijatu. Aka dama masa kunu da rubutu a ciki. Ta ajiye shi a ƙofar ɗakin tsohuwar, ta juya. Sauran yara akan mai da su gida in sun manta da nono. Ɗan fari kuwa na kaka ne. Ba a mai da Badaru ba.

Ya ce yana tuna ranar. Mutane suka ce ƙarya yake, yaron goye ba ya riƙe komai. Shi dai ya kafe yana tunawa: ɗaci a harshensa, da bayan wata mace cikin baƙin saƙi tana bin hanya tsakanin karan dawa, tana ƙanƙancewa. Ya ce ya yi ta jira ta waiwayo. Ba ta waiwayo ba.

Hadijatu ta riƙe shi da kyau, kada a ci haƙƙinta. Ta ba shi busasshen nononta ya tsotsa har barci ya ɗauke shi. Ta ba shi kindirmo kafin kowa ya sha. Ba ta taɓa dukansa ba. Amma yaron bai ƙoshi ba. Da ta hana shi nonon sai ya koma yatsa. Da aka ɗaure yatsan da tsumma sai ya koma riga.

Sai sallah-sallah ake kai shi Kwandiko. A can ya tarar an yi masa ƙane, Ɗanbala. Ya ga yadda Turai take da Ɗanbala: ta ƙwala masa kira, ta zage shi, ta murɗe masa kunne, ta ɗora shi a cinya tana duba masa kai, ta kankaro ƙanzo ta tura masa a baki. Shi kuwa da ya shigo gidan sai ta ja mayafi ta kau da kai. In dole ta yi maganarsa, sai ta ce da wani, "Ku tambayi na Wurno ko ya ci abinci." Na Wurno. Sunansa ke nan a bakinta.

Wata sallah, yana ɗan yaro mai kai awaki kiwo, ya ga ƙwaryar nononta a inuwar rumbu, wadda take ji da ita, mai zane. Ya tsaya a gabanta tana gani, ya sa ƙafa ya yi fatali da ƙwaryar. Ta dare biyu, nono ya malale a ƙasa. Ya tsaya yana jiran duka. So yake ta taso ta kama shi, ta ce, kai Badaru, don ubanka. Turai ta dubi nonon da ƙasa ke shanyewa, ta ce da ƙawarta Jummai da ke zaune suna kaɗi, "Kin ga ɓarnar kaji ko?" Ta ci gaba da murza mazarinta. Jummai ce ta tashi ta zane shi. Wannan dukan bai yi masa amfanin komai ba.

Manya suka yi ta gaya masa cewa martaba ce ake ba shi. Haka aka yi wa ubansa, haka aka yi wa kakansa, babu wanda ya mutu. Gaskiya ne, babu wanda ya mutu. 'Ya'yan fari nawa suka tashi a haka, suka yi gida, suka ga an yi wa nasu haka, ko a jikinsu. Badaru ne ya tsaya a wurin ya ƙi wucewa.

Shekarar da Turawa suka miƙa mulki Hadijatu ta rasu. Badaru ya bar gona ya shigo Birnin Kudu. Ya yi dako, ya koyi tuƙi a manyan motoci masu bodin katako da ke bi ta nan zuwa Kano. Yaƙi ya zo ya wuce. Aka koma tuƙin dama, aka canza kuɗi, arzikin man fetur ya buɗe, gwamnati ta shiga gine-gine ba ƙaƙƙautawa. Badaru ya samu jigilar siminti da kwano, ya yi abin kansa daidai gwargwado. Ya sayi a-kori-kura sabuwa fil, ya je Makka a jirgi, ya dawo da haƙorin zinare.

Aure kam ya yi shi ba adadi, kuma bai taɓa auren budurwa ba. Zawarawa yake bi, waɗanda suka girme shi. Farkon auren sai ka ce an sa shi a aljanna. Daga nan sai ƙorafi: ba ta taso ta tarye shi ba, ta zuba wa ɗan maƙwabta abinci kafin nasa, ta yi barci ba ta jira shi ba. Sai saki. Yana da 'ya ɗaya, Mairama, tana can wajen uwarta, bai cika tambayarta ba. Gidan da Badaru yake ciki, babu wurin wani yaro.

Kubra ce kaɗai ta zauna. Da can mai tuwon tasha ce, tana da baki, ba ta shakkar kowa. Wata rana ya ture akushi don ba ta zauna kusa da shi yana ci ba.

Ta ce, "Alhaji, ni fa ba ni na haife ka ba."

"Wa ya ce ke kika haife ni?"

"Kai. Kullum, ba dai da baki ba. Mutum da haƙorin Makka, a ce sai an zauna ana kallon bakinsa yana haɗiya? Wannan jikin ne ya girma ya taho Birnin Kudu yana tuƙa mota. Kai kana can Wurno, a ƙofar ɗakin da aka ajiye ka."

Ya ɗaga hannu. Ta miƙo masa kumatu. Ya sauke hannun ya fita. Bai sake ta ba. Wataƙila don ita kaɗai ta san inda yake.

Da ya gina gidan siminti a bayan tasha, ɗakin da ya fi kowanne kyau ya ware shi. Gado mai rumfa, katifar soso, labule, jeren kwanuka har sama. Ya kulle ya hana kowa shiga. Ya ce na Inna ne. Ya cika mota da shinkafa da atamfa da kananzir, ya nufi Kwandiko.

Turai tana tankaɗe a tsakar gida. Tun kafin ya yi sallama ta ji takunsa, ta ajiye rariya, ta juya baya. Ya durƙusa.

"Inna, na gina miki ɗaki. Na zo in tafi da ke."

Ta ce, "Ɗanbala, ka ce da na Wurno an gode, Allah ya yi albarka. Ka ce masa ƙafata ba ta saba da siminti ba."

"Inna, ga ni nan a bayanki. Ba sai an aiko ba."

"Ɗanbala, a kai masa fura zaure."

Ɗanbala a lokacin magidanci ne, manomi, da matarsa da 'ya'yansa a gidan. Ya kawo furar yana dariya. "Yaya, kai ma dai! Sai ka ce baƙo. Jiya da aka ce za ka zo, ita da kanta ta daka furar nan, ta hana kowa sa hannu."

"To me ya hana ta kawo mini da kanta?"

"Haba Yaya! A Kwandiko? So kake a yi da ita a bakin rijiya?"

Badaru bai sha furar ba. Ya sauke kayan a ƙofar gida, ya ja motarsa.

Daminar da ta biyo baya, wata hantsi, yana lodi a tasha, sai Barau ɗan kamasho ya ƙwala masa kira. "Ɗan Yaye! Ga baƙonka daga ƙauye. Da shi da kekensa kamar an tsamo su daga kududdufi."

Ɗanbala ne, taɓo har gwiwa, yana haki. "Yaya, Inna ce. Kurkunu ne ya fito mata a ƙafa. Muna naɗe shi a tsinke a hankali, sai ya tsinke a ciki. Ƙafar ta kumbura har cinya. Wanzami ya yi iya yinsa, babu sauƙi. Jikinta kamar garwashi."

"Ita ta aiko ka?"

"Ita ce."

"Me ta ce?"

"Ta ce in je in gaya wa na Wurno."

Badaru ya tofar da goron bakinsa, ya jefa wani goron a baki. Barau ya ce, "To me kake jira, sai an buga maka ganga? Sauke kayan, ni na san yadda zan yi da fasinja. Allah ya ba ta lafiya."

Suka biya gida suka ɗauki Kubra, don a samu macen da za ta riƙe marar lafiya, suka jefa katifa da keken a baya. Hanyar ta lalace, ramuka cike da ruwa. Badaru sai tauna yake, haɓarsa na motsi. Kubra ta dube shi, ta sake dubansa.

"Alhaji, me kake saƙawa?"

"Tuƙi nake."

Kafin a shiga Kwandiko akwai wani rafi mai yashi. Da rani yara ke wasa a cikinsa. Da damina kuwa, in aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya cika ya tumbatsa, mota ba ta ƙetarewa sai ya janye. Sun wuce shi ruwan bai kai rabin taya ba. Amma gabas ta fara baƙi.

Suka tarar an fito da Turai ƙarƙashin rumfa a kan tabarma. Gidan cike da mata 'yan dubiya. Ƙafar ta yi suntum, tana sheƙi, ƙuda na bi. Tsohuwar ta rame, numfashinta sama-sama. Amma da ta ji shigowarsa, sai ta lalubo mayafi ta rufe fuska.

Wannan jan mayafin shi ya ƙarasa shi. Mace tana bakin kabari, ba ta iya ɗaga kofin ruwa, amma ta samu ƙarfin ɓoye masa fuska.

Ɗanbala ya gyara katifa a bayan mota ya dawo da gudu. "Yaya, kama mu ɗauke ta."

Badaru ya jefa makullin mota a aljihu, ya harɗe hannu a ƙirji.

"Babu inda motar nan za ta sai ta kira ni."

Da farko ba su gane ba. Ɗanbala ya ce, "Ai ita ta kira ka. Ba ga ka ka zo ba?"

"Da sunana. Da bakinta. In ji da kunnena."

Jummai, wadda yanzu ta tsufa tukuf, ta dogara sanda ta miƙe. "Kai ɗan nan, kanka ɗaya kuwa? Mace ta kai waɗannan shekaru da mutuncinta, yau za ka tuɓe ta a gaban surukarta da jikokinta?"

"Gwaggo, sunana ba ashar ba ne. Liman ne ya raɗa shi, rago aka yanka."

"Ina wurin, marar kunya. Ni na riƙe ka aka yi maka aski. Da na san abin da za ka zama da na sake ka a ƙasa."

Kubra ta kama hannun rigarsa. "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Dubi gabas."

"Na gani. Shi ya sa gara ta yi sauri."

Ɗanbala ya yi kukan kura ya shaƙe shi. Badaru ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ya ɓamɓare shi ya yar gefe kamar buhun ƙaiƙayi. Mata suka sa salati. Iska ta taso, ta fara kaɗa zanan rumfa.

Daga cikin mayafi muryar Turai ta fito, ƙasa-ƙasa. "Ɗanbala, rabu da shi. Je ka aro amalanken gidan mai unguwa."

"Inna, shanu ba za su kai ki ba sai gobe. Ga ruwa ya taso."

"To ku mai da ni ɗaki. Kusa da kabarin ubanku akwai sauran wuri."

Badaru ya ji maganar har cikin ƙashinsa, amma bai motsa ba. Ya san abin da yake yi. Ya san ko a Kwandiko ko a tasha babu wanda zai sake ganinsa da gashi. Hannunsa na kan makulli a aljihu, wani abu na ce masa fito da shi, wani kuma, wanda ya girmi hankalinsa, yana ce masa yau ko babu.

Ɗanbala ya rarrafo ya kifa kansa a kan lafiyayyar ƙafarta, ya fashe da kuka, magidanci guda, a gaban matarsa. "Inna, don Allah, don Annabi. Kada ki tafi ki bar ni a kan wannan. Faɗi kawai, Inna. Mahaukaci ne, ba shi abin da yake so."

Hannun Turai ya fito daga mayafi ya sauka a kan Ɗanbala, yana shafawa. "Yi shiru, Auta. Yi shiru, ya isa."

Ta daɗe a haka. Sannan ta sa ɗaya hannun ta yaye mayafin gaba ɗaya. Matan suka sunkuyar da kai kamar an yi tsiraici. Matar Ɗanbala ta kwashi yara ta shige ɗaki. Turai ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. Bai taɓa ganin idanunta sosai ba sai ran nan. Ƙanana ne, sun yi ja, irin na kowace tsohuwa.

Ta ce, "Badaru."

Ta sake cewa, "Badaru, tada motarka."

Ya tsaya yana jira. Tun yana yaro yake jin wannan kira a kansa, yana zaton ranar da aka yi shi wani ƙulli zai kwance a ƙirjinsa. Abin da ya ji muryar tsohuwa ce mai zazzaɓi, a dishe, irin masu tsai da shi a bakin titi ranar kasuwa. Kuma ya san ba don shi ta faɗa ba. Har lokacin hannunta na kan Ɗanbala.

Kubra ta ce, "An kira ka. Sai ka amsa."

Ya sunkuya ya kama gefen tabarma. Sun ƙetare rafin, ruwan sama na dukan gilashi, jar ambaliya na gangarowa daga tudu, Kubra da Ɗanbala a baya sun lulluɓe ta da tamfol.

A babban asibitin Birnin Kudu aka tsaga ƙafar, aka matse, aka yi ta allura. Likita ya ce da an ƙara kwana da sai dai a yanke, in ma an same ta da rai. Turai ta tashi.

Labarin ya riga Badaru isa tasha. Barau ya tare shi yana washe baki. "Ɗan Yaye, an ce an kira ka! To yaushe za a dama kunun, mu zo mu sha?" Samari suka kwashe da dariya. Dattawan direbobi ba su yi dariya ba. Da ya nufi tabarmarsu sai kowa ya tuna yana da abin dubawa a injin motarsa.

Suna kuwa ya same shi, har ya ishe shi. Kullum in ya je asibiti da kwanon abinci, tun daga ƙofa zai fara ji. "Badaru, miƙo mini buta." "Badaru, kore ƙudan nan." "Badaru, gaya wa matarka ta rage gishiri, ba saniya take ciyarwa ba." Ta buɗe kwano a gabansa ta ci, ta suɗe hannu, ta yi gyatsa, ta sa tsinke tana sakace. Ta yi wa nas-nas ba'a, ta yi wa mai shara, ta yi masa, duk da murya ɗaya. Matar gadon kusa ta tambaye ta, wannan fa? Ta ce, "Badaru ne, direba ne a tasha. In za ki Gwaram ki neme shi, ba ya gudu da mutane."

Kwanakin farko ya yi ta gaya wa kansa cewa daɗi yake ji. Daga baya ya lura da wani abu. Da can, ko cikin mutum goma ya shigo, tun daga zaure take gane takunsa, duk abin da ke hannunta sai ta ajiye. Yanzu sai ya zo ya tsaya a kanta tana hira, ba ta san ya zo ba sai ya yi gyaran murya. Wata rana ya tsaya a ƙofar ɗakin marasa lafiya da gangan, ya daɗe, yana kallonta. Ta ɗago, idonta ya bi ta kansa ya wuce, tana duban ko Ɗanbala na tafe.

Ran nan ya koma gida ya zauna a kan dakali, bai taɓa abinci ba. Kubra ta zo ɗaukar kwano ta tarar da shi yadda ta ajiye.

"Ga shi dai ka samu," in ji ta. "Ya daɗin?"

Ta rufe kwanon ta tafi da shi.

Da aka sallami Turai, ya kawo ta gidansa ya buɗe mata ɗakin. Ba ta yi musu ba. Ta shiga tana ɗingishi, ta danna katifar, ta ƙwanƙwasa kwanukan, ta ce, "Kai, Badaru, ka iya ɓarna." Ta sa Kubra ta shimfiɗa mata tabarma a ƙasa. Ta yi 'yan kwanaki kamar baƙuwar da ta sauka a gidan mutanen kirki, tana godiya a kan komai. Da ƙafar ta fara taka ƙasa sosai ta ce a mai da ita gida, an kusa yankan gero.

Su biyu suka tafi, don Ɗanbala ya riga ya koma gona. Badaru ya shimfiɗa mata katifa a baya. Ta ce a'a, baya akwai jijjiga, ta buɗe gaba ta zauna kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. A bakin kasuwa ta sa ya saya mata dafaffiyar gyaɗa. Tana ɓarewa tana watsa ɓawon ta taga, tana duban gonaki: wannan ya yi sakaci da noma na biyu, wancan dawarsa ta yi kyau, wancan ko rago ne ko marar lafiya.

Sun yi nisa, sun bar kwalta, sai ya gangara gindin wata tsamiya ya kashe mota.

"Lafiya? Mai ne ya ƙare?"

"Inna."

"Na'am, Badaru."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana duban gaba. "Na yi laifi. Ki yafe mini."

"Ai na yafe tun a asibiti. Ba kai ka kai ni ba? Ga ƙafata nan, da ita zan shiga gida."

"To ki koma yadda kike da. Ki bar kiran sunan nan. Na haƙura da shi."

Ta juyo ta ƙare masa kallo, tun daga hula har gemu, babu ko ƙyaftawa. Babu fushi a fuskarta. Da ma fushin ne, da ya samu abin kamawa.

Ta ce, "Ka ɗauka ɗankwali ne, in cire in mayar? A da ina da wani ɗa. Ko inuwarsa na hango sai gabana ya faɗi. In na san yana gari, loma ba ta wuce mini. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ba a faɗa. Tun da na farfaɗo nake nemansa. In ka shigo sai in saurari jikina, in ji ko zai motsa. Shiru. Na yi ƙoƙari, Allah ya gani. Ba gaba nake da kai ba, Badaru. Kana da kyauta, matarka ma mutuniyar kirki ce. Amma abin ya tafi."

"Ai ni ne, Inna. Ni ne dai."

"Haka suke cewa."

Wani Bafillace ya wuce su da shanu, ya ɗaga musu sanda. Turai ta leƙa ta amsa gaisuwarsa, ta tambaye shi mutanen gida. Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta.

"Ja mu tafi, Badaru. Ina so in yi la'asar a ɗakina."

Ya murɗa makulli. Har suka isa Kwandiko tana ba shi labarin yadda awaki suka yi tsada a kasuwar Gwaram.